Kifin Argungu a Gidaje Biyar: Wasan Cankar Kalma da Dabarar Tantance Halittu

Gaiwa, yauni da balli kalmomi ne na Hausa, kowace da haruffa biyar, kuma dukkansu sunayen kifaye ne da ake kamawa a Gulbin Kabi, wato kogin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. Masunci ba ya bukatar a yi masa bayaninsu. Amma ɗalibin babbar sakandare, wanda ke iya zana kifi a allo har ya sa wa kowane sashe sunansa na Turanci, sau da yawa ba zai iya cewa ga yauni ga balli ba idan aka shimfiɗa masa su a kasuwa. Akwai wani wasa na cankar kalma da zai taimaka wajen cike wannan giɓi, domin dabarar da ake bi a ci shi ita ce dabarar da masanin ilimin halittu ke bi ya gano sunan abin da bai taɓa gani ba.

Asalin wasan

Wasa ƙwaƙwalwa da kalmomi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A kacici-kacici ana siffanta abu a ɓoye sunansa, wanda ya kasa cankowa sai ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Abin da jaridu suka ƙara shi ne rubutu da ƙayyadadden lokaci. A ranar Lahadi, 21 ga Disamba, 1913, jaridar New York World ta Amurka ta buga wasan cike gurabe da kalmomi masu giciye juna, wanda Arthur Wynne ya tsara, daga nan ya zama abin jira duk mako, daga bisani jaridu da dama suka mai da shi na kullum.

Na baya-bayan nan da ya game duniya shi ne Wordle. Wani masanin kwamfuta mai suna Josh Wardle ne ya ƙirƙiro shi, ya sake shi a intanet a watan Oktoba na 2021, kamfanin jaridar New York Times kuma ya saye shi a ƙarshen Janairu na 2022. Dokokinsa ba su da yawa. Ana ɓoye kalma guda mai haruffa biyar a kowace rana, mai wasa yana da damar gwaji sau shida. Duk kalmar da ya rubuta, sai kowane harafi ya ɗauki launi ɗaya cikin uku: kore idan harafin yana cikin ɓoyayyiyar kalma kuma a gidansa yake, rawaya idan yana ciki amma ba a nan gidan ba, toka-toka idan babu shi sam. Ba dole sai da waya ko kwamfuta ba. Malami da allo da alli sun isa: a zagaye harafin da ya dace da gidansa, a ja layi a ƙarƙashin wanda ya ɓata gida, a soke wanda babu shi.

A lura da lissafin da ke ciki. Gidaje biyar, kowane da launi uku, suna ba da amsa iri 3 × 3 × 3 × 3 × 3, wato 243. Jerin kalmomin da Wardle ya fara ɓoyewa 2,315 ne. Da a ce gwaji guda zai raba su daidai wa daida, da kowane rukuni bai kai kalma 10 ba. Rabon ba ya taɓa yin daidai haka, amma wannan ne ya sa gwaji shida ke wadatarwa. Gwanin wasa ba ya ɓata gwajinsa na farko wajen neman sa'a. Yana zaɓen kalmar da za ta kore masa kalmomi mafi yawa ne.

Siffar kalmar Hausa

Kafin a buga wasan da Hausa sai an yanke wasu shawarwari. Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, haruffa ne masu zaman kansu, don haka k ba za ta ci gidan ƙ ba. Sai baƙaƙe masu goyo irin su ts da sh da kw: tsage, kifin nan mai haƙora kamar na zarto, gida biyar zai ci idan aka raba t da s, gida huɗu idan aka ɗauke su sauti guda. Ya fi sauƙi a ba kowane harafi gidansa, muddin an sanar da 'yan wasa tun farko. Haka kuma a tsaya kan daidaitacciyar Hausa wajen rubutu, domin a bakin Bakabe kifi kihi ne, kuma rigima za ta tashi a aji idan ba a faɗi wanda ake bi ba.

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi suke kama ɗaya a takarda. Wannan ba ya hana wasa. Abin da ya fi amfani ga mai canka shi ne ginin gaɓa. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, harafi na biyu kuma galibi wasali ne, in ban da inda aka fara da baƙi mai goyo kamar shanu, ko da wasali kamar akuya. Saboda haka kalma mai haruffa biyar takan zo ko dai da baƙaƙe biyu a tsakiya, kamar balli, ko da tagwan wasali, ai ko au, kamar gaiwa da yauni. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin wahala tun bai rubuta komai ba.

Tarkon gaiwa

A ɗauka malami ya ɓoye kalma, ɗaliba ta fara da TAURI. Amsa ta fito: A ta dace da gida na biyu, I tana ciki amma ba a ƙarshe ba, T da U da R babu su. Ta tuna da tagwan wasali, sai ta gwada DAINA. Yanzu A da I da A ta ƙarshe duk sun zauna a gidajensu, D da N sun faɗi. Ta gwada KAIWA, wadda a karin harshen yamma ma sunan kanya ce. Haruffa huɗu na ƙarshe suka yi kore, K kaɗai ta faɗi.

A nan ne hankali kan kwanta, kuma a nan ne ake faɗuwa. Harafi ɗaya ya rage, amma kalmomin da suka dace huɗu ne: baiwa, gaiwa, maiwa da saiwa. Gwaji uku ya rage mata. Idan ta bi su ɗaya bayan ɗaya bisa sa'a, to cikin kowane wasa huɗu irin wannan za ta faɗi a guda. Mafita ita ce ta rubuta kalmar da ta san tabbas ba ita ce amsa ba, amma ta ƙunshi baƙaƙen da ake shakka a kansu. GAMBA, ciyawar nan da ake yin zana da ita, ta ɗauko G da M da B a lokaci guda. Idan G ta yi kore, amsa gaiwa ce. Idan M ta yi rawaya, maiwa ce. Idan B ce ta yi rawaya, baiwa ce. Idan duk ukun suka faɗi, saiwa ce. Ta sadaukar da gwaji na huɗu, amma na biyar ba ya kuskure.

Wannan shi ne abin da masana kimiyya ke nufi da gwaji mai kyau. Ba wanda zai tabbatar wa mutum abin da yake fata ba, a'a, wanda kowace irin amsa ya bayar za ta kore wani zato. Ɗalibin da ya fahimci dalilin rubuta GAMBA ya fahimci abin da ake ta maimaita masa a ɗakin gwaje-gwaje bai kama ba.

Mabuɗin Lamarck

A 1778 wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Lamarck ya tsara littafin tsirran ƙasar Faransa bisa wata hanya da ta zauna har yau. Maimakon mai nema ya bi dubban sunaye yana kwatantawa, sai a yi masa tambaya mai amsa biyu kacal, kowace amsa ta kai shi ga wata tambayar, har ya iso ga suna guda. Ana kiran wannan tsari mabuɗin tantancewa. Ƙarfinsa a rabawa biyu yake: tambaya 10 da kowace ke raba saura gida biyu daidai za su ware abu guda cikin 1,024, tambaya 20 kuwa cikin fiye da miliyan ɗaya.

A gwada shi a kan kifin da aka sauke daga kwalekwale. Tambayar farko ita ce, yana da ɓawo ko fatarsa sumul take, da gashin baki? Idan sumul ne, an kore karfasa da giwan ruwa da balli da tsage baki ɗaya, saura dangin tarwaɗa. Sai a dubi gadon bayansa. Idan fiffike guda ne dogo tun daga bayan kai har kusa da wutsiya, tarwaɗa ce. Idan ya kasu biyu, na gaba mai ƙasusuwa, na baya kuma dogon tsoka ne zalla, ramboshi ne. Idan gajeren kifi ne mai taurin kai da ƙayoyi uku masu ƙarfi, ɗaya a baya biyu a gefe, waɗanda yakan miƙe su ya kulle, ƙurungu ne. Idan kuwa jikin kumburarre ne, babu fiffiken baya sai ɗan tsoka kusa da wutsiya, to a janye hannu, minjirya ce, kuma babbarta kan saki lantarki da ya kai kimanin bolt 350.

Tambaya kamar "babba ne ko ƙarami?" ba ta da amfani a mabuɗi, domin ɗan giwan ruwa bai fi tafin hannu ba, alhali uwarsa na iya doshin kilo 200. Tambayar kirki tana kama siffar da ba ta canzawa da shekaru ko da ƙoshi. Kuma kowane mabuɗi yana da tarkonsa, kamar yadda wasan ke da nasa: gaiwa tana da ɓawo, sai dai ƙanana ne da suka nutse cikin fata, har mai gaggawa ya jefa ta cikin dangin tarwaɗa.

Abin da ke bayan sunan

Aibin wasan cankar kalma shi ne mutum na iya cin sa bai san ma'anar abin da ya canko ba. Ɗalibar nan tana iya rubuta GAIWA a yi mata tafi, ba ta taɓa ganin gaiwa ba. Kacici-kacici ya fi shi ta wannan fuska, domin ba a cin sa sai an san siffar abin. Saboda haka ya kamata a ƙara doka guda a aji: wanda ya canko kalma bai ci ba sai ya faɗi abin da take nufi.

Gaiwa kuwa ta cancanci a tsaya a kanta. Masana suna kiranta Protopterus annectens, sunan da ya samo asali daga bayanin da Richard Owen na Ingila ya yi a kanta a 1839. Kifi ce mai huhu, dole ta riƙa tasowa tana shaƙar iska, har ma idan aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa sai ta mutu. Fiffikenta na gefe huɗu ne, sirara kamar igiya. Idan rani ya yi, ruwan fadama ya janye, sai ta haƙa rami a cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar 'yar kafa a saitin bakinta don iska. Aikin jikinta yakan ragu ƙwarai. Tana rayuwa da naman jikinta, dattin da ya kamata ta fitar kuma ta mai da shi sinadarin yuriya ta tara, sai ruwa ya dawo ta zubar. A fadama watannin rani take yi a haka, amma a ɗakin bincike an ga dangin wannan kifi sun wuce shekara 3 a cikin busasshiyar laka, aka zuba ruwa suka farka. Dangin kifaye masu huhu su ne mafi kusanci, a cikin kifayen da ke raye, ga dabbobi masu ƙafa huɗu. Manomin shinkafa da fartanyarsa ta tono gaiwa a fadamar Argungu ya riƙe abin da ɗaliban jami'o'in Turai ke gani a hoto kawai.

Yauni ma haka. Dogon kifi ne mara fiffiken ciki, wutsiyarsa ta tsuke kamar ta ɓera, yana tafiya ta hanyar kaɗa dogon fiffiken bayansa, kuma yana yin baya da sauƙi kamar yadda yake yin gaba ba tare da ya yi karo ba. Wannan ne ya ɗaure wa Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij kai. A 1951 ya ba da rahoton cewa kifin na fitar da wani raunanan lantarki ba ƙaƙƙautawa, a 1958 kuma shi da Kenneth Machin suka nuna cewa da shi yake gane abin da ke kewaye da shi a cikin ruwa mai duhu. Da wannan kifi, Gymnarchus niloticus, aka fara tabbatar da cewa akwai dabbobi masu ji da lantarki. Balli kuwa, mai manyan ɓawo, sheƙa yake ginawa da ciyawa a ruwa mara zurfi lokacin ambaliya, ya tsare 'ya'yansa a ciki.

Ina za a samo kalmomin?

Kowane wasa irin wannan iyakarsa jerin kalmomin da aka zuba masa. Idan daga littattafan aji kaɗai aka tsamo su, ba za a taɓa cin karo da sabuwa ba. Ƙamus yana taimakawa. Na G. P. Bargery, wanda ya fito a 1934, yana da kalmomi kimanin 39,000, kuma yakan nuna yankin da ake faɗin kalma. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Don tsirrai akwai jerin sunayen da J. M. Dalziel ya buga a 1916, don kifi kuma littafin da William Reed da abokan aikinsa suka fitar a 1967 kan kifayen Arewacin Nijeriya. Amma duk waɗannan daga bakin mutane aka kwaso su, kuma mutanen suna nan.

A shekarar da ƙamusun Bargery ya fito, a ita ce Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su, abin da ya zama mafarin bikin kamun kifi na yanzu, kuma alamar ƙarshen doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Dubban masunta kan faɗa Matan Fada da homa da gora, kuma a bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Sai dai idon 'yan kallo a kan ƙaton kifi guda yake. Dukiyar harshe tana wajen sauran ranakun shekara, a bakin masu taru da birgi da mamari da gura, waɗanda ke da suna ga kowane kifi, wani lokaci har da suna dabam ga ƙaraminsa.

Wannan dukiya tana cikin haɗari, kuma dalilin na ilimin halittu ne. Yawancin kifayen kwarin Rima da ambaliya suke hayayyafa: ruwa ya malala cikin fadama, su bi shi su yi ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su girma a nan kafin ruwa ya koma. An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Binciken da W. M. Adams ya buga a 1985 ya nuna cewa bayan gina Bakolori ambaliya ta ragu a ƙasan madatsar, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Ƙara da raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Kifin da ya daina zuwa kasuwa, yara ba za su ji sunansa ba, kuma idan sunan ya ɓace babu wanda zai lura cewa kifin ya ɓace. Mai binciken da ya zo bayan shekara 30 yana tambayar abin da ke cikin kogin a da, ba shi da shaidar da ta wuce jerin sunayen da wani ya rubuta, da wuri da kwanan wata.

Wannan aiki ne da ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Argungu ko Birnin Kebbi za ta iya yi ba da kuɗi mai yawa ba. Ɗalibai su je mashaya ko kasuwar kifi da izinin shugabannin masunta, su tambayi sunan kowane kifi, su zana shi ko su ɗauki hotonsa, su auna tsawonsa, su rubuta inda aka kama shi da watan da aka kama. A tambayi mutum fiye da ɗaya, a wurare dabam-dabam. Za a tarar sunan Hausa da na kimiyya ba sa tafiya ɗaya bisa ɗaya. Ƙurungu suna ne da ya rufe nau'o'i da yawa na dangin Synodontis, alhali kifi guda na iya amsa suna biyu, kamar balli da ake kira bargi a wasu wurare. Kada malami ya ɗauki wannan a matsayin kuskuren masunta ya gyara musu. Masunci ya raba kifi bisa abin da ya shafi sana'arsa, masani ya raba bisa dangantaka, kuma inda rabon biyu suka saɓa nan ne ya fi cancantar a rubuta da kyau.

Daga wannan jeri sai malamin ilimin halittu da na Hausa su riƙa ɗauko kalmar da za a ɓoye a allo kowace safiya. Sunayen da suka fi gida biyar, irin su minjirya da talibambam, kifin nan da kan kumbura kamar ƙwallo idan aka taɓa shi, a ajiye su don wasan giciye na ƙarshen mako, inda siffar kifin za ta zama ita ce matashiya. Wanda ya kasa, maimakon ya ba da gari, sai ya kawo sabon suna guda daga bakin kogi kafin mako ya zagayo.

Ga na gwaji. An ɓoye kalma mai haruffa biyar. An gwada TAURI: A da U da I sun yi kore, T da R sun faɗi. An gwada NAUYI: A da U da I suna nan kore, N da Y kuma sun yi rawaya. Kalma ɗaya ce tak ta dace, kuma wanda ya canko ta sai ya bayyana wa aji yadda mai wannan suna yake gane hanyarsa cikin ruwa mai laka da tsakar dare.